Shekarar da Auta Ya Sauke Rufin Masallaci

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi, domin yawancin mutanen da zan ambata sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin da za su gyara mini magana.

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Umaru, na san abin da kuka taso kuna ji a Bunguɗu. An ce muku Injiniya ne ya rushe masallacin ubansa. Wasunku sun yi dambe a kan wannan magana suna yara, wasunku sun haɗiye ta har suka daina son zuwa garin. Ni ina tsaye a wurin ranar da abin ya faru, kuma ni na yi ta kai da kawowa kafin ranar da bayanta, har ƙashin bayana ya haddace ramukan hanyar Tsafe zuwa Bunguɗu. Na tsufa yanzu, idona ba ya jure tawada kamar da, amma gara in rubuta da gajiya da in tafi da maganar a cikina.

Mu uku ne maza a wurin Baba. Yaya Sa'idu ne babba, shi ya zauna gida ya gaji limancin masallacin unguwarmu. Ni Haruna na tsakiya, neman karatu ya kai ni Tsafe, aure ya zaunar da ni can. Umaru ne ƙarami, shi kaɗai aka saka a boko, ya karanta aikin hanya da gada, ya zauna Sakkwato yana aikin gwamnati. Duniya na kiransa Injiniya, mu kuwa a gida Auta muke ce masa, har furfura ta fito masa. Tsakaninsa da Yaya Sa'idu akwai tazara mai yawa, ya fi kama da ɗa a wurinsa. Yaya ne ya riƙa ɗaukarsa a bayan keke zuwa makaranta. Yaya ne ya tsaya masa lokacin da dattawan unguwa suka ce boko zai lalata shi. Yaya ne ya karɓa masa auren Rabi bayan rasuwar Baba.

Umaru yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya zauna da shi ya sani: ba ya yarda da abu sai ya ƙwanƙwasa shi. Ƙofa ce, kujera ce, tulu ne a kasuwa, sai ya lanƙwasa yatsa ya buga, ya karkata kai yana saurare. Yakan ce abu mai lafiya amsarsa a dunƙule take, mai kogo kuwa sai ka ji amsar ta tafi can nesa. Rabi takan ce ranar da aka kai ta ɗakinsa, kafin ya gaishe ta sai da ya ƙwanƙwasa gadonta. 'Ya'yansa in suna son su ba shi dariya sai su riƙa buga kan juna suna cewa wane gara ta cinye shi.

Da aka yanke mana jiha, Gusau ta zama hedikwata, aka dawo da su Umaru gida, ya zauna a unguwar Damba ta Gusau. Aiki ya yi masa yawa, domin gari ne da aka ɗora wa girma kafin a yi masa magudanan ruwa. Ya fita da sassafe, ya dawo da jar ƙasa har a gira. Duk da haka ban taɓa zuwa gidansa na tarar yana cin abinci shi kaɗai ba. Yara ne zagaye da shi, yana cire musu ƙayar kifi, yana tambayar kowa abin da ya karanto. Maƙwabta kuma suka mai da shi nasu. Mai son haƙa masai ya zo a nuna masa inda ba zai ɓata rijiya ba, mai bangon da ya tsage ya zo, kuma ban taɓa jin ya ce wa wani ya gaji ba. Kowace Juma'a kuwa, da an sauko, sai ya loda iyalinsa a tsohuwar fijonsa su nufi Bunguɗu, ya gaida Yaya, ya yi La'asar a bayansa a masallacin Baba, su juyo kafin almuru.

Sai na faɗa muku yadda masallacin nan yake, domin ƙananan cikinku ba su gan shi ba. Soro ne na ƙasa, da ginshiƙi biyu a tsakiya, an jera azarar giginya a sama, an shimfiɗa zana, an ɗora ƙasa. Baba ya gina shi da ɗalibansa tun yana da ƙarfi. Duk shekara, idan bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai a kira gayya. A kwaɓa ƙasa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, maza su jeru, kowa ya ɗauki kwandonsa ya hau tsani ya zuba a kan rufin da hannunsa. Baba ya sha faɗa cewa wanda ya yi wa ɗakin Allah inuwa, shi ma yana fatan inuwa ranar da babu wata. Saboda haka ba mai yarda a bar shi a baya. Tsohon da ba ya iya hawa sai ya dafa ƙasar da tafinsa kafin a hau da ita. Mata suna aiko da tasu a ƙwarya. Wanda ya yi tafiya a zuba masa, wanda ya mutu 'ya'yansa su zuba masa. A gidajenmu na kwana, magini yakan kankare tsohon yaɓe kafin ya yi sabo. A masallacin Baba kuwa ba a taɓa kankarewa ba. Wa zai sa hannu ya kankare ladan wani? Haka aka yi ta ɗorawa, shekara bisa shekara, tun kafin a haifi Umaru.

A shekarar da ta bi bayan yanke jiha, wata Asabar da hantsi, ina zaune a zaurena a Tsafe sai ga fijonsa. Ba ranar zuwansa ba ce. Ya zauna, aka kawo masa fura, bai taɓa ba.

"Yaya Haruna, rufin masallacin Baba na son hwaɗuwa."

Na ce, "Subhanallahi. Wa yac ce maka?"

"Azara tac ce min. Jiya da kowa ya hita na ɗauki sanda na bi su ɗai-ɗai. Da yawansu gara ta cinye ciki, hwata ɗai ta rage. Kuma ka tuna muna yara, Baba shina shiga ƙohwar nan da rawaninai bai duƙa ba? Yau ni da hula nika duƙawa."

"To ka hwaɗa ma Yaya mana."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ni? In dubi idon Yaya in ce mishi ƙasar da Baba yaz zuba da hannunai ita ka son kashe shi? Kai za ka hwaɗa. Kai malami na, shina jin maganarka."

Ku yaran yanzu za ku ce me ya hana shi faɗa da kansa. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wansa a fuska, balle auta, balle wan da ya zame masa uba. Sai ya nemi na tsakiya ya ɗauka masa. Haka na ɗauki wannan kaya, kuma shekarar ana wahalar mai. Ka zauna a tashar Tsafe rabin yini kafin mota ta cika, ka sauka Gusau ka sake zama, ka isa Bunguɗu an kusa La'asar, rigarka ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Na tarar da Yaya a kan buzunsa a zaure. Na kewaya, na kewaya, sannan na ajiye masa maganar.

"Auta yac ce haka?"

"Shi yac ce, Yaya."

"Mi shika so a yi?"

"A sauke ƙasar duka, a hidda azarar, a sake rufi."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Da ya buɗe baki, ba da faɗa ya yi magana ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Haruna, cikin ƙasar nan akwai ta Baba. Akwai wadda Inna ta aiko cikin ƙwarya shekarar da tar rasu. Akwai ta mutanen da ko kabarinsu ba a ganewa yanzu, amma ƙasarsu na bisa kanmu in muna salla. Wace zan hwara zubarwa? Koma ka tambayo shi, wace?"

Na koma Gusau da wannan tambaya. Umaru ya ce to, a bar ƙasar da ke sama, amma bana kada a ƙara. Na kai. Yaya ya ce shi ba zai tsaya a bakin tsani ya hana mutane lada ba. Umaru ya ce to a bar shi ya kawo ƙarafa ya tokare azarar daga ciki. Na kai. Yaya ya ce ƙarafan za su yanke sahu, kuma duk wanda ya shigo ya gansu zai yi salla idonsa na sama. Umaru ya ce a roƙi Yaya ya ɗauki sanda ya buga azarar da kansa, sau ɗaya tak, ya ji abin da shi ya ji. Na kai wannan ma.

"Ni kunnena na karatu na," in ji Yaya, "ba na icce ba."

Kada ku ɗauka Yayanmu marar hankali ne. Yana da hujjarsa. Masallacin ya ga damina da yawa bai taɓa ɗiga ba, soraye sun zube kewaye da shi yana tsaye, kuma kaurin ƙasar nan ne ya sa babu wurin da ya kai shi sanyi a unguwar. Da zafin rana tsofaffi can suke kwanciya tsakanin Azahar da La'asar. Wannan kuwa shi ya fi hana Umaru sukuni.

A zuwana na ƙarshe Damba kafin gayya, Rabi ce ta kawo mana abinci, ta ƙi tashi. Ta zauna daga bakin ƙofa ta ce:

"Yaya Malam, ku yi mishi magana. Tun da yaj ji azarar nan bai ci abincin kirki ba. Hadari na tasowa gabas, shi sai ya hita tsakar gida ya juya ma hadarin baya shina kallon hanyar Bunguɗu, awa wanda zai hango masallacin daga nan."

Ta juya ga mijinta.

"Baban yara, ni dai na hwaɗa maka. In kat taɓa rufin nan, ka rasa Yayanka."

Ya ture kwanon gefe a hankali.

"Na sani, Rabi. In kuma na bar shi, in rasa shi ƙarƙashin rufin. Zaɓa min."

Ba ta zaɓa ba. Ta kwashe kwanonin ta shige.

Ranar gayya na kwana Bunguɗu. Da safe unguwa ta cika. An kwaɓa ƙasa ta yi laushi, warin makuba ya tashi, mata sun aiko da kunu da ƙosai, an jingina tsani a bangon gabas. Sai ga Umaru shi kaɗai, ba iyali, sanye da takalminsa na aiki. Ya zo gaban Yaya ya durƙusa.

"Yaya, na zo gayya."

Fuskar Yaya ta saki. Ya ɗauka maganar ta wuce.

"Madalla, Auta. Ɗauki kwando, kai za ka buɗe muna bana."

Al'ada ce ɗan gidan liman ya fara hawa. Umaru ya tashi, amma bai nufi kwanduna ba. Ya buɗe bayan motarsa ya fito da diga. Kafin mutane su gane abin da suke gani, ya hau tsani, ya taka zuwa tsakiyar rufin, ya yi bisimilla da ƙarfi har muka ji, ya ɗaga digar ya sara.

Jama'a suka tsaya cak. Maza riƙe da kwanduna a ka, ƙasa na ɗiga musu a kafaɗa, ba wanda ya sauke. Sai wani daga baya ya ce, "Innalillahi! Boko ya tashi!" Wani ya ce, "Ku sauko da shi, aljanun gada sun kama shi!" Amma ba wanda ya taɓa tsanin, domin ɗan Baba ne a sama, kuma liman na tsaye bai ce a hau ba. Umaru bai dubi kowa ba. Yana sara, yana turo ƙasar ƙasa da shebur. Ni kaɗai na hau tsanin har na leƙa saman rufin don in roƙe shi, sai na ga abin da ya haƙa. Ƙasar hawa-hawa take, ja a kan baƙa, baƙa a kan fara, kowace shekara da kududdufin da aka ɗebo ta. Ramin ya shanye gwiwarsa, ya kai cinyarsa, bai isa zana ba. Hawaye na zuba a fuskarsa suna wanke ƙurar, bai tsaya ba. Da ya isa azara, guda biyu suka karye a ƙarƙashin digar, rana ta faɗa cikin masallacin Baba daga sama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya san abin da ya yi. Rami irin wannan ba ya ɗinkuwa, ga damina a bakin ƙofa. Dole a sauke duka.

"Sauko," in ji Yaya.

Ya sauko, ya durƙusa a inda ya durƙusa ɗazu, jikinsa duk ƙasa.

"Ka gama?"

"Ban gama ba, Yaya. Sai an sauke duka."

Yaya ya dube shi. Sannan ya ce, a hankali, yadda ake yi wa baƙo magana:

"To, Injiniya. Ga masallacinka nan. Ƙarasa aikinka."

Ya juya ya shige gida. Tun da aka haifi Umaru, ranar ce ta farko da wannan suna ya fito daga bakin Yaya.

Ga abin da nake so ku riƙe. Bai rushe masallacin ba. Bangayen da kuke gani yau na Baba ne, da ginshiƙan, da mihirabin. Rufi kawai ya sauke. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya kawo magina da kafintoci daga Gusau, ya yi aikin tare da su tun daga fitowar rana har faɗuwarta, mutane suna salla a gindin dalbejiya suna hararar sa. Kafin ruwa ya zauna sosai ya ɗora katako da kwano. Ƙasar kuwa bai bari an zubar da ko tafi guda ba. Ya sa aka tara ta wuri ɗaya, aka tankaɗe, aka daɓe cikin masallacin da ita, aka shimfiɗa tabarmi. A ganinsa ya amsa tambayar Yaya ke nan: ba wadda aka zubar, ta Baba da ta Inna duk suna nan. Ya aike ni in faɗa. Na tafi da ɗan ƙarfin gwiwa, ina ganin wannan karon na ɗauko magani.

"Ƙasar da ubanmu yaɗ ɗora bisa kanmu," in ji Yaya, "ita yam maida ƙarƙashin ƙahwahunmu? Wanga shi na gyaran?"

Da na mayar wa Umaru, sai ya sunkuyar da kai.

"Ni goshi nit tuna, Yaya Haruna. Ban tuna ƙahwa ba."

Sai kuma maganar azara. Da aka sauke su, waɗanda gara ta ci suka riƙa murmushewa a hannu. Ni na kama ɗaya, yatsana ya shige cikinta kamar cikin gari. Irin waɗannan aka share su da shara, iska ta tafi da su. Masu lafiyar kuwa, mutane suka rarraba don neman albarka, kowa ya kai zaurensa ya kafa. Har yau suna nan a zaurukan unguwa. Duk wanda ya tashi zagin Umaru sai ya nuna sama ya ce, ga azarar masallaci nan, mi yas same ta? Biyun da suka karye a gaban jama'a aka ce diga ta karya su. Yaya kuwa bai fito ya duba ba, ko sau ɗaya. Damina ta zo da ruwa mai yawa, wasu soraye suka zube a garin, masallaci bai faɗa wa kowa ba. Waɗanda suka ji haushinsa suka ce da ma ba zai faɗi ba. Abin da aka hana faruwa ba shi da shaida, wannan na gane a shekarar nan, kuma ya gajiyar da ni fiye da hanya.

Ba zan ɓoye muku abin da aka rasa ba. Kwano zafi gare shi. Tsofaffi suka daina kwanciya a ciki. In ana ruwa ba a jin karatun liman, sai ƙarar sama. Gayyar nan kuma ta mutu, domin kwano ba ya son ƙasa, ranar da unguwa ke haɗuwa mai kuɗi da talaka kowa da kwando a ka ta tafi ba ta dawo ba. Duk bazara in gumi ya karyo wa mutane a sahu, sunan Umaru ake ambata, ba da alheri ba. Ya san haka, domin yana cikin sahun.

Eh, yana ciki. Bai fasa zuwan Juma'a ba. Rabi ta ce ya huta na ɗan lokaci har zukata su yi sanyi, ya ƙi. Ya loda yara a fijo kamar kullum. Yaya mai tsoron Allah ne, ya san bai halatta ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ba, saboda haka bai taɓa ƙin amsa sallamarsa ba. Ya ɗauki yaran a cinya, ya ba su dabino, ya aika a gaida Rabi a cikin gida, ya tambayi karatun kowa. Sannan ya juyo.

"Injiniya, an zo lahiya?"

"Lahiya lau, Yaya."

"Madalla."

Shi ke nan. Su zauna a zaure guda, tabarma ɗaya a tsakaninsu, har a kira La'asar. Na yi iya yina. Na kawo aya, na kawo hadisi, na tuna wa Yaya keke da hanyar makaranta. Ya ce mini, "Na zage shi? Na kore shi? To mi kaka so?" Na koma Tsafe na zauna, na bar wa Allah.

Wata rana muna dawowa daga Bunguɗu a motarsa, yara sun yi barci a baya, na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, idonsa na kan hanya:

"Duk Juma'a in anka tada salla, ina ganin bayan Yaya gabana. Shi nika so in gani. Sauran ban iya da shi."

Haka aka tafi fiye da shekara biyu. Umaru ya rame, furfura ta cika masa kai, amma ba ya ƙorafi. Wata rana yana duba aikin wata kwalbati a hanyar Mada, ya ce wa ma'aikatansa ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna a inuwa. Aka kai shi asibiti a Gusau. Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Aka aiko mini Tsafe, na isa Gusau na tarar an riga an wuce da shi Bunguɗu. Da na isa can, Rabi na zaune cikin mata ba ta kuka, tana ta ninke hularsa tana warwarewa.

Yaya ne ya yi masa salla, a ƙofar masallacin nan. Muryarsa ba ta yi rawa ba, sai na ce a raina har yau bai huce ba. Muka kai shi maƙabarta, aka saka shi, aka kawo itacen da za a jera a rufe ƙaramin ramin kafin a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Masu aikin sun miƙa hannu za su fara jerawa sai Yaya ya ce, "Dakata."

Ya miƙa mini sandarsa. Tsoho ne a lokacin, gwiwoyinsa na ciwo, amma ya tsuguna a bakin kabarin, ya jawo itacen gabansa. Ya ɗauki na farko, ya lanƙwasa yatsa, ya buga, ya karkata kai yana saurare. Ya miƙa aka jera. Ya ɗauki na biyu ya buga. Jama'a na tsaye a rana, ba mai motsi. Da ya zo kan wani, ya buga, ya sake bugawa, ya kai shi kusa da kunnensa ya buga na uku. Ni da ke kusa na ji amsar ta tafi can nesa. Ya ajiye shi gefe.

Wani ya ce, "Malam, ai lahiyarshi lau, dubi bayanshi."

Yaya bai ɗago ba.

"Bayan ɗai na. A kawo wani. Auta bai son icce mai kogo."

Aka aika gari aka kawo wani. Muka tsaya muna jira. Ya ƙwanƙwasa shi, ya yarda, sannan ya bari aka ɗora ƙasa.

Ban ce muku Yaya ya taɓa cewa ya yi kuskure ba. Bai faɗa mini ba, ban kuma tambaye shi ba. Ya ci gaba da limanci a kan daɓen nan, yana ɗora goshinsa a kan ƙasar Baba da ta Inna, har Allah Ya ɗauke shi a kan shimfiɗarsa, da tsufansa, 'ya'yansa da 'ya'yan Umaru kewaye da shi. Wannan mutuwa ubanku Umaru ya saya masa, kun kuwa ji abin da ya biya.

Allah Ya jiƙansu su biyu, Ya haɗa su a inuwa guda. In kun je Bunguɗu aka nuna muku azara a zaure, kada ku yi gardama da kowa. Ku gaida mai gidan, ku wuce masallaci ku yi salla.